Ferrari F80: Kafin a yi kukan tsada, a dubi yawan motocin

Ranar 17 ga Oktoban 2024, kamfanin Ferrari da ke garin Maranello a arewacin Italiya ya yaye lulluɓin sabuwar motarsa mai suna F80, ya kuma sanar da abubuwa uku a lokaci guda: kuɗin kowace ɗaya yuro miliyan 3.6, guda 799 kacal za a ƙera, kuma dukkansu an riga an raba su ga masu saye. Ke nan a ranar da duniya ta fara ganin motar babu ko ɗaya da ta rage ta sayarwa, alhali kamfanin ya tsara miƙa su ga masu su ne daga ƙarshen 2025 zuwa 2027, shekarar da zai cika 80 da fitar da motarsa ta farko. Tun daga ranar, mafi yawan surutun da ake yi a kan kuɗin ne, domin ya kusa ninka farashin LaFerrari, wadda ta gabace ta a 2013, har sau uku. A ganina kuɗin yana da hujjar da za a iya karewa. Lambar da ta fi cancantar a zauna a kanta ita ce 799.

Adalci ne a fara da abin da mai sayen zai samu. Injin F80 mai silinda 6 ne, yana ba da ƙarfin doki 900, sannan injinan lantarki uku, biyu a gaba ɗaya a baya, suna ƙara masa 300, jimilla 1,200. Tana tashi daga tsaye ta kai gudun kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa 2.15, ƙarshen gudunta kuma kilomita 350. Tushen injin ɗaya ne da na motar tsere 499P, wadda ta lashe gasar sa'o'i 24 ta Le Mans a Faransa a 2023, karon farko da Ferrari ya yi hakan tun 1965, ta kuma maimaita a 2024 da 2025. Wanda ya ɗaga ƙofarta, domin sama take buɗewa, zai tarar da kujerar direba ja wur a gaba, ta fasinja kuma baƙa, a manne da jikin motar, an ɗan ja ta baya har ta saje da bangon ciki kamar babu ita. Da gangan aka yi haka, don duk wanda ya leƙa ya gane cewa motar ta mutum ɗaya ce, na biyun ɗan rakiya ne.

Duk wannan aiki ne na gaske, amma ba shi ne ya kai kuɗin yuro miliyan 3.6 ba, kuma hujjar tana hannun kamfanin McLaren na Birtaniya. Kwana goma sha ɗaya kafin a nuna F80, McLaren ya fito da tasa, W1, mai ƙarfin doki 1,275, wadda guda 399 za a ƙera, a kan kimanin fam miliyan 2. Ta fi F80 ƙarfi, ba ta kai ta yawa ba da rabi, kuma ta fi ta sauƙi da fiye da yuro miliyan ɗaya. Da ƙarfin inji da ƙarancin kaya ne kaɗai ke yanke farashi, da W1 ce ta fi tsada. Wannan ratar ta miliyan ɗaya da ɗoriya kuɗin tambarin Ferrari ne, baƙin dokin nan da ke tsaye a kan ƙafafun baya a hancin motar, da kuma tarihin da ke biye da shi.

Yadda ake cinikin ma ya isa ya nuna haka. A kasuwar da muka sani, mai saye ne ke tayawa, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a kai ga sallama. A nan an juya tsarin: kamfanin ne ke duba kundin abokan cinikinsa, ya ga wanda ya daɗe yana saye, nawa ya mallaka, ko yana halartar tarukansa, ko kuwa yana da halin karɓar mota yau ya kai ta kasuwa gobe, sannan ya aika masa da gayyata. Mai kuɗin da ba ya cikin kundin, ko da ya zo da ninkin kuɗin, ba shi da rabo. Al'adar tsohuwa ce. A farkon shekarun 1960, wanda ke son 250 GTO, wadda 36 kawai aka ƙera, sai Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin, ya amince da shi da kansa. Wasu kamfanonin ma sun kwaikwaya. Ford na Amurka ya sa masu son motarsa GT ta 2017 sun cike takardar nema, ya kuma gindaya musu sharaɗin kada su sayar kafin shekara biyu, har ya maka ɗan kokawa John Cena a kotu saboda ya saɓa sharaɗin, kafin su sasanta a 2018.

Idan haka ne, tsada a wannan kasuwa wani ɓangare ne na kayan da ake sayarwa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma babu inda maganar ta fi zama daidai kamar nan. Da Ferrari ya sa wa F80 yuro miliyan 2, da an yi wawarsu, da masu sa'ar samu sun juya sun sayar a kan kusan ninki, ribar ta tafi aljihun dillalai da 'yan kayi-nayi. An ga haka da LaFerrari: an sayar da ita sama da yuro miliyan ɗaya kaɗan, ba a jima ba ta haura ninkin haka a kasuwar motocin hannu, kuma ta 500, wadda aka ƙera domin tallafa wa waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a tsakiyar Italiya, ta tashi dala miliyan 7 a gwanjo a Disamban 2016. Kamfanin da ya ga wannan ya kuma sayar da magajiyarta da araha, ya yi wa masu hannun jarinsa asara ne kawai. Saboda haka ban ga laifin farashin ba. Suna kuma ba abin da ake saye da gwanintar injiniya ba ne cikin dare ɗaya: Toyota ya shafe kusan shekara goma yana gina Lexus LFA, mota ce da masana suka yaba ƙwarai, guda 500 a kan dala 375,000, amma ta daɗe a shagunan dillalai a Amurka kafin ta ƙare, domin mutane ba su saba biyan irin wannan kuɗi a kan sunan Lexus ba.

To, a koma ga adadin. F80 ita ce ta shida a jerin motocin da Ferrari ke fitarwa kusan sau ɗaya a shekara goma a matsayin ƙololuwar fasaharsa. An ƙera 288 GTO ta 1984 guda 272, F50 ta 1995 guda 349, Enzo ta 2002 guda 399, da ƙarin ɗaya da aka bai wa Fafaroma John Paul na biyu kyauta, sai LaFerrari guda 499 kafin ta gwanjon da aka ambata. Yanzu an tsallaka zuwa 799, ƙarin 300 a tashi ɗaya. Sau ɗaya kamfanin ya taɓa sakin linzami a wannan jeri, wato a kan F40 ta 1987, mota ta ƙarshe da Enzo Ferrari ya amince da ita kafin mutuwarsa a 1988. An yi niyyar ƙera kimanin 400, da buƙata ta yi yawa aka wuce 1,300. Sakamakon yana nan har yau a wuraren gwanjo: F40 ta fi F50 suna nesa ba kusa ba, ita ce hotonta ya cika bangon ɗakunan samarin Turai na wancan zamani, amma F50 ce ta fi tsada a mafi yawan gwanjon shekarun nan, kuma babban dalilin shi ne ba ta kai F40 yawa ba da kusan kashi uku cikin huɗu.

Masu kare kamfanin suna da amsa mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. A 2013 mujallar Forbes ta lissafa attajirai 1,426 da suka mallaki dala biliyan ɗaya ko fiye. A 2024 sun kai 2,781. Idan masu iya saye sun kusa ninkawa, motoci 799 a yau sun fi 499 na wancan lokaci ƙaranci idan aka auna da yawan masu nema. Ana danganta wa Enzo Ferrari maganar cewa kamfaninsa zai riƙa ƙera mota ɗaya ƙasa da abin da kasuwa ke buƙata, kuma a wannan ma'auni ba a karya ƙa'idar ba, tunda an raba motocin tas, wasu kuma sun nema ba su samu ba.

Inda na rabu da su shi ne, dukiyar attajirai tana hawa da sauka tare da kasuwar hannayen jari, amma motar da aka ƙera ba ta komawa masana'anta. Irin waɗannan motoci ba sa tsufa a kan hanya, galibinsu a rufaffen gareji suke kwana da 'yan kilomitoci kaɗan a jikinsu, don haka shekara ashirin nan gaba kusan dukkan 799 za su kasance suna nan, suna jiran mai saye. Kuma ba su kaɗai ba ne. Tun 2018 Ferrari ya buɗe wani sabon jerin motoci na musamman, ya fara da Monza guda 499, ya biyo da Daytona SP3 guda 599 a kan kimanin yuro miliyan 2, sannan a 2023, a wajen wannan jeri, ya ƙara da SF90 XX, 799 masu rufi da 599 marasa rufi. Kowace da kanta ƙalilan ce, amma idan aka tara su, mai tara motoci yana samun gayyatar sayen abin da ba kowa ke samu ba kusan kowace shekara biyu, kuma gayyatar da ke yawan zuwa tana rage kwarjini. Kamfanin gaba ɗaya ma haka ya tafi: a 2013 shugabansa na lokacin, Luca di Montezemolo, ya taƙaita abin da ake sayarwa a kusan motoci 7,000 a shekara don kare darajar sunan, ya bar kujerar a 2014, aka sa kamfanin a kasuwar hannayen jari ta New York a 2015, kuma a 2024 ya sayar da motoci 13,752.

Ba a buƙatar dogon bincike kafin a gane abin da ke tura adadin sama. Motoci 799 a kan yuro miliyan 3.6 sun kama kusan yuro biliyan 2.9 a lissafin kan takarda, kafin a cire haraji da la'adar dillalai, alhali duk cinikin da kamfanin ya yi a 2024 bai wuce yuro biliyan 6.7 ba. Motoci 300 da aka ƙara a kan adadin LaFerrari su kaɗai sun haura yuro biliyan ɗaya. Wannan kuɗi ne da masu hannun jari ke gani a rahoton kowane wata uku, raguwar kwarjini kuwa ba ta da gurbi a cikin rahoton, sai bayan shekaru take bayyana, lokacin da shugabannin da suka yanke shawarar sun riga sun tafi. McLaren ya ɗanɗana wannan: ya riƙa fitar da sababbin samfura a kai a kai har motocinsa na yau da kullum suka yi ƙaurin suna wajen saurin faɗuwar daraja, kuma a 2021 matsin kuɗi ya sa ya sayar da ginin hedikwatarsa da ke Woking ya koma ɗan haya a ciki. Wani ɓangare na dalilin da ya sa W1 ba ta iya neman kuɗin F80 ba ke nan.

Akwai kuma batun injin, wanda ya ƙara wa cacar nauyi. Motar Ferrari ta farko a 1947 mai silinda 12 ce, haka F50 da Enzo da LaFerrari, kuma ga masoyan kamfanin da yawa kukan wannan inji shi ne Ferrari. Hujjar kamfanin ita ce kowace mota a wannan jeri tana ɗaukar fasahar tseren zamaninta, kuma motocin tseren yau masu silinda 6 ne haɗe da lantarki; 288 GTO da F40 ma masu 8 ne. Hujjar ta zauna a wajen injiniya, amma mai tara motoci da kunnensa yake saye. Kamfanin Jaguar ya nuna XJ220 a 1988 da inji mai silinda 12, mutane suka yi rububin biyan kafin alƙalami na fam 50,000, sai ga motar ta fito a 1992 da silinda 6 a kan fam 470,000, a daidai lokacin da tattalin arziki ya karye. Masu saye da dama suka nemi janyewa, aka shiga shari'a, kuma daga 350 da aka tsara ba a kai ga ƙera 300 ba. Ferrari bai yaudari kowa ba, masu sayen F80 sun san abin da ke cikinta tun farko, kuma asusunsa ya fi na Jaguar na wancan lokaci ƙarfi ba kaɗan ba. Abin da misalin ya nuna shi ne yadda layin masu jira ke watsewa da sauri idan kasuwa ta juya.

Da tsohuwar zuma ake magani, kuma Ferrari yana da ita fiye da kowa: a 2023 an sayar da wata GTO ta 1962 a kan dala miliyan 51.7 a gwanjo a New York. Sai dai tun 2008 rabon ƙungiyarsa da lashe kambin gasar Formula 1, kuma irin wancan farashi na motocin da ba su kai 40 ba ne a duniya. Gwajin F80 na gaskiya zai zo ne bayan 2027, ranar da biyu ko uku daga cikinsu suka haɗu a gwanjo ɗaya, babu kundin kamfani, babu gayyata, mai kuɗi ne kawai ke ɗaga hannu. Idan suka tashi sama da yuro miliyan 3.6, lissafin Maranello ya ci. Idan suka tashi ƙasa da haka, mutanen da za su fara jin zafin su ne ainihin waɗanda kamfanin zai aika wa gayyatar mota ta bakwai a wannan jeri.