Ko da kuka ya yi shi, ha'inci ne

Abin da ya fi ƙona min rai a maganar malamin nan da aka kama yana rubuta wa ɗalibai amsar lissafi a kan allo ana tsaka da jarrabawa, masu kare shi ne. Daga Facebook har teburin mai shayi magana ɗaya ake ta nanatawa: ai 'ya'yan talakawa ne, ai bai karɓi ko sisi ba, ai yara sun amfana, to wa ya cuta? Har da masu cewa a haɗa masa gudummawa. Jama'a, ha'inci ne. Ko hawaye na zuba a idonsa lokacin da yake riƙe da allin nan, ha'inci ne.

Wannan "wa ya cuta" ɗin ba a Kano aka fara ta ba. Wani masani ɗan Ingila, Jeremy Bentham, wanda ya mutu a 1832, shi ya kafa mata tushe: a auna kowane aiki da abin da ya haifar, wanda ya kawo wa mafi yawan mutane jin daɗi shi ne daidai. John Stuart Mill ya zo daga baya ya yi mata kwaskwarima. Ban raina wannan tunani ba, yana da ranarsa. In kuɗin rijiyar burtsatse ɗaya ne a hannun shugaba, da wannan ma'auni zai gane a haƙa ta inda ƙishi ya fi yawa, ba a ƙofar gidan surukinsa ba. Amma ciwonsa ɗaya ne, kuma babba: mai lissafin kullum waɗanda ke gaban idonsa yake ƙirgawa.

To tunda ƙirga kuke so, ku ƙirga duka mana. A layinmu akwai yarinyar da ke soya awara da yamma. In ta kwashe kasko sai ta zauna a dakali ƙarƙashin fitilar solar kan titi, littafi a cinya, yatsu duk maiƙo, tana bitar tsofaffin tambayoyin NECO har sauro ya kore ta. A makarantarsu ba wanda zai rubuta mata komai a allo. Ranar da ta fito da C6 na guminta, wanda aka rubuta wa ya fito da B2, wa zai sha gaba wajen neman gurbi? Ita ba 'yar talaka ba ce? Ku ƙirga ta. Ku ƙirga majinyacin da zai kwanta wata rana a hannun wanda bai iya lissafin awon magani ba. Ku ƙirga mai takardar gaskiya da za a riƙa yi wa kallon zargi saboda ta jabu ta cika gari. Kun ga ko a ma'aunin naku ma, in an cika mudun, malamin bai tsira ba.

Immanuel Kant ɗan Jamus ya bi ta wata hanya a 1785. Ya ce bar zancen sakamako, kafin ka aikata abu tambayi kanka: ka yarda wannan ya zama dokar da kowa zai bi? A nan maganar ta ƙare. In kowane malami daga Fagge zuwa Gwale zai rubuta amsa a allo don tausayi, takardar sakandare ta koma takardar ƙunshe ƙosai, su kansu yaran da aka tausaya wa ba abin da za ta tsinana musu. Na san masu karatu za su ce Kant ya yi tsauri. Haka ne. Shi ne ya ce ko mai kisan kai ne ya tsaya a ƙofarka yana tambayar inda abokinka ya ɓuya, ba ka da damar yi masa ƙarya. Ba mai hankalin da zai raka shi har can, kuma addininmu ya fi shi sanin halin ɗan Adam, tunda ya yi rangwame a wajen yaƙi da sulhunta mutane. Amma ɗakin jarrabawa filin daga ne? Ran wa aka ceto da amsar lissafi?

Sai masu cewa ai mutumin kirki ne, kowa ya shaide shi a unguwa, ba ya fashin jam'i. Ban musa ba. Su waɗannan, ko sun sani ko ba su sani ba, ɓangaren Aristotle na Girka suka ɗauka, wanda ya ce a dubi hali, ba doka ko sakamako kaɗai ba. Raunin wannan hanya kenan, tana iya zama mafakar wanda muke so: da zarar mun yi masa shaidar kirki sai mu daina duban aikinsa. Amma shi Aristotle ɗin cewa ya yi mutum yana zama mai adalci ne ta hanyar yin adalci yau da gobe har ya zame masa jiki. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, shi ma ya tsaya a kan cewa hali yana gyaruwa da horo da sabo. To wane sabo aka dasa wa yaro ɗan shekara 16 da ya ga malamin da yake girmamawa ya sa an tsare ƙofa, ya juya baya yana rubutu da sauri? An koya masa cewa in ka matsu, kuma wanda zai kama ka ba ya kusa, komai ya halatta. Wannan darasin zai riƙe shi fiye da duk lissafin da aka koya masa a shekara shida.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai jawo hadisin niyya. Ayyuka suna tare da niyya, gaskiya ne, amma wane malami ya taɓa karantar da ku cewa kyakkyawar niyya tana mai da haram halal? Manzon Allah (SAW) ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya zura hannunsa ciki ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka ce masa me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Ba a tambaye shi iyali nawa yake ciyarwa ba. Masu cewa maslaha kuma, wato amfanin jama'a, malaman usulu (tushen fiƙihu) irin su Shaɗibi na Andalus ba su bar ƙofar a buɗe ba: maslahar da ta ci karo da nassi bayyananne ba a kallonta, kuma hankali na cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare. Tunkuɗe ɓarna shi ke gaba da janyo amfani, ɗan Islamiyya ma ya san wannan.

Kada wanda ya zo min da "manya ma suna sata" ko "ko'ina haka ake yi". Na ji. Satar manya ba ta wanke ta ƙanana, kuma tun 1999 akwai dokar tarayya a kan maguɗin jarrabawa. Ni ba ɗauri nake roƙa masa ba, Allah Ya sani ina tausayin iyalinsa. Abin da nake roƙo kawai a kira abin da sunansa.

Af, tunda an zo nan, ina ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai? Duk bayan Sallah sai an kama ɗakin taro, an ɗinka anko, an ci kaji, an ɗauki hotuna. Kuɗin liyafa ɗaya zai biya malamin lissafi ya riƙa zuwa Asabar da Lahadi yana yi wa 'yan sakandare bita tun kafin jarrabawar kwalifayin, wato ta tantance masu zana NECO. Shugabannin ƙungiyarmu suna cikin masu karanta wannan, kuma a taro mai zuwa da bakina zan tayar da maganar.