Ku san kwantsarku, matasa

'Yan uwana matasan Katsina da Daura, musamman masu wuni a kan babur da masu zaman bakin kasuwa, ku ba ni aron hankalinku a kan kwantsa. Abu ne da aka raina, ana yi wa yaro gori da shi, alhali tana cikin abubuwan da ke fara nuna halin da ido yake ciki.

Ko ba kuka ake ba, kullum akwai siririn hawaye lulluɓe da ƙwayar ido, kuma haɗin abu uku ne. Akwai majina mai yauƙi da ke manne da idon. Akwai ruwa mai gishiri-gishiri da ke fitowa daga wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin wutsiyar gira. Sai maiƙo, wanda ke tsattsafowa ta ƙananan ƙofofi a bakin fatar ido, bayan layin gashin ido, wajen 30 a sama da 25 a ƙasa. Maiƙon nan shi ke hana ruwan saurin ƙafewa. Mutum a farke yakan ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, kowace ƙiftawa kuwa shara ce: tana tura tsohon hawaye da ƙura zuwa lungun idon da ke kusa da hanci, inda wasu 'yan huji biyu suke zuƙe shi su zubar cikin hanci. Shi ya sa mai kuka yake jan majina.

Da barci ya ɗauke ka, tsintsiyar ta tsaya. Ba ƙiftawa, ruwan hawaye ya ragu, amma majina da maiƙo da matattun ƙwayoyin fata da ƙurar jiya suna nan. Sai su taru a lungun ido, ɗan ruwan da ke cikinsu ya bushe, a wayi gari da ɓawo. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, takan fi yawa ta fi tauri, don iska busasshiya ce kuma ƙura ta yi yawa. Wadda ta kwana da kwalli za ta ga tata baƙa. 'Yar kaɗan, fara ko ruwan ƙasa, mai fita da alwalar asuba ba ta dawowa da rana, wannan lafiya ce.

Sai dai ku bar ɓanɓarar ta da farce. Hannun da ya wuni yana karɓar kuɗi ba ya shiga ido sai an wanke shi da sabulu. Idan ta manne, a tafasa ruwa a bar shi ya huce ya zama ɗumi, a jiƙa tsumma mai tsabta a ɗora a kan rufaffen ido na minti 5 zuwa 10, sannan a goge daga wajen hanci zuwa wajen kunne. Kowane ido da nasa tsumman.

Wadda ke tayar mini da hankali ita ce kwantsar ciwo. Idan ta zama rawaya ko kore, mai kauri kamar mugunya, ta like ido har sai an jiƙa kafin ya buɗu, an goge ta sake taruwa kafin hantsi, to ƙwayoyin cuta sun shiga. Mai ruwa-ruwa da jan ido da jin kamar tsakuwa, tana bin gida ɗaya bayan ɗaya, galibi Afolo ce, wadda ta samo sunanta a 1969 da ta ɓarke a Ghana. Tawul ɗaya, matashin kai ɗaya, maciyin kwalli ɗaya, nan take bi. Fara mai zare-zare da ƙaiƙayi kuwa yawanci ƙura ko hayaƙi ne jiki bai karɓa ba. Ƙannenku da ke yawo da kwantsa ƙudaje na bin fuskarsu, ku wanke musu fuska safe da yamma, don ƙuda na ɗaukar cutar tirakoma daga ido zuwa ido, wadda a ƙarshe take juya gashin ido ciki ya riƙa kartar ƙwayar.

Don Allah ku ji tsoron Allah a kan abin da kuke ɗigawa. Fitsari, ruwan sukari, ruwan albasa, ruwan batir, duk ba magani ba ne, wasu ma makanta suke jawowa. Haka ɗigon kemis mai ɗauke da dexamethasone: yana kashe ja nan take, amma idan akwai gyambo a baƙin ido sai ya zurfafa shi, kuma yawan amfani da shi na jawo hawan jinin ido. Kwalbar ɗigo da ta kwana 28 a buɗe a yar da ita.

Zafi mai tsanani, gani dishi-dishi, kasa kallon haske, ko farin ɗigo a baƙin ido, ranar nan ake zuwa asibitin ido, ba a jira gobe. Ku kuma sababbin angwaye da amare, jaririn da idonsa ya kumbura yana zubar da mugunya cikin kwanakin farko, kafin suna ko bayansa, kada a tsaya ɗiga masa nono. Irin wannan na iya huda ƙwayar ido cikin kwana ɗaya ko biyu, a ɗauke shi a kai asibiti a lokacin da aka gani.