Ranar Da Aka Kalli Ɗakina Na Amurka A Zauren Baffa

Waɗanda suka zo ɗaurin auren ƙanwarmu a Kano ƙarshen Disambar 2022 sun riga sun ji wannan labari, amma daga bakin ɗan Yaya Babba suka ji shi. Yau ku ji daga bakin mai abin.

Kafin in baro Miniyapolis, garin da nake zaune a Amurka, babu abin da tsohuwa mai gidanmu ta ce in yi da ban yi ba. Tsohon gidan katako ne mai hawa biyu, ita a ƙasa, ni a sama, kowa da hitarsa. Ta ce in bar tawa a kan 55, in buɗe ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ɗumi ya riƙa kai wa bututu, in kulle tagogi. Wannan 55 a ma'auninsu ne na Faranhait, wajen digiri 13 ke nan a namu, daidai sanyin da yake hana mutanen Kano wankan safe. Dalilinta shi ne ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, bututu kuwa in ya rasa inda zai kai ƙarin sai ya tsage. Ita ma haka ta bar nata ta tafi Kirsimeti wurin 'yarta. Na ba abokina Ɗan Funtuwa makulli ya riƙa leƙawa, na hau jirgi.

Ɗan Funtuwa ya leƙa. Ya tarar hita tana aiki a gidan da babu kowa, ya ce wannan almubazzaranci ne, ya kashe. Ya ji warin daddawa a kicin, ya ɗan ɗaga taga don iska ta shiga. Ya kulle ƙofa ya yi gaba. Mutumin nan fa ya riga ni zuwa ƙasar. A makon ne guguwar sanyin nan ta gangaro daga Kanada ta mamaye rabin Amurka, a Miniyapolis sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili a ma'auninmu. Ita kuma ƙanƙara ba ta tona asiri nan take, ita ce take toshe tsagar da ta yi, sai gari ya sassauta ta narke sannan ruwa ya samu hanya. Gari bai tashi sassautawa ba sai da ya daidaici ɗaurin aure.

An shafa fatiha bayan Juma'a, an raba goro da alawa, manya sun koma zauren Baffa. Ina cikin shaddata mai aikin hannu, an ba ni wuri kusa da waliyyin ango, ga waina da miyar taushe a gabanmu. Dattijon ya juyo ya ce, "Yaro, na ji an ce gidanka na can bene ne?" Na ce, "Bene ne, Alhaji, alhamdulillahi." Ku duba maganar nan da kyau, babu ƙarya a ciki. A bene nake kwana.

Wayata tana hannun ɗan Yaya Babba, wai yana nuna wa mutane hotunan dusar ƙanƙara, kuma ya haɗa ta da sifikar da aka yi sanarwa da ita a ƙofar gida. Sai ga kiran bidiyo. Awa bakwai ke tsakaninmu da can, wato da sassafe tsohuwa ta dawo gida. Ni na saka mata WhatsApp da hannuna, saboda irin wannan rana, in ji ni. Kafin in ajiye wainar da ke hannuna yaro ya amsa, ya ɗaga waya sama yadda kowa zai gani.

Ga tsohuwa tsaye a tsakiyar falonta da lema a buɗe, da takalmin roba har gwiwa. Silin da ke samanta ya kumbura ya yi tumbi kamar cikin akuya mai shirin haihuwa, ruwa na tsiyaya ta jikin fitila. Ta kira sunana yadda ta saba karya shi, ta shiga zuba Turanci.

Baffa ya ce, "Wace ce wannan? Aure ka yi a can ba mu sani ba?"

Na miƙa hannu na ce, "Kawo wayar nan." Yaro ya matsa baya, ya gyara murya. Aji biyu yake a jami'a, Turanci yake karanta, tunda aka haife shi bai taɓa samun taro irin wannan ba.

"Ta ce wai Kawu, ruwa yana zubowa daga ɗakin da ta ba ka haya."

Zaure ya yi tsit. Waliyyin ango ya ce, "Haya?"

"E, Alhaji. Ta ce sama kawai ta ba shi, ƙasa nata ne. Saman ma nata ne."

Wannan na ƙarshen ba ta faɗa ba. Na ji duk abin da ta ce, ba ta faɗa ba, shi ya ƙara daga aljihunsa. Kakanmu na Gwale, da kunnensa ya yi nauyi, ya tambaya ko damina ake yi a can yanzu. Wani daga bakin ƙofa ya ce a'a, famfon mai Amurka ne ya fashe, aka shiga miƙa maganar har waje.

Da a nan aka tsaya, da na haɗiye. Sai tsohuwa ta ce bari ta nuna mini ɓarnar, ta kama matakala da waya a hannu. Ina ji ina gani ta sa makullinta ta buɗe. Kyamara ta fara sauka a kan katifata da ke ƙasa, ta sha ruwa ta ƙoshi. Ta wuce kan kwalin talabijin da nake cin abinci a kai. Ta wuce kan singiletina da na shanya a jikin ƙofa, wacce ta yage a hammata. Buta tana yawo a kan ruwa ita kaɗai. Buhun garin kwakina ya jiƙa ya tashi har ya fasa baki. Tsohuwa ta tsaya a kansa ta daɗe, ta tambaya ko wani abu ne mai haɗari.

"Ta ce mene ne wannan. Kawu, in ce mata gari ne?"

Waliyyin ango ya gyara tabarau, ya matso da fuskarsa, ya ce, "Nan ne falon?" Babu wanda ya amsa masa. Baffa ya ce Allah ya kiyaye gaba, aka ce amin, aka koma kan waina. Ni tawa ta riga ta huce.

Shi wannan yaro, ni na biya masa kuɗin jarrabawar shiga jami'a. Wayar da yake taƙama da ita tsohuwar wayata ce. Da na tare shi a soro da yamma na ce me ya sa bai ba ni wayar ba, cewa ya yi, "Kawu, ai gani na yi hannunka da miya." Kafin magariba ya kai labarin cikin gida wurin mata, har da kwaikwayon muryar tsohuwa, da tsintsiya a matsayin lema. Hajiya ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa. Maganar neman aure da aka fara mini a wani gida, tun ranar ba a sake tayar da ita ba. Uwarsa kuma wai in yi haƙuri, yaro ne. Yaron da gemunsa ya fi nawa.

Da na koma, mutanen inshora suka nuna mini layin da ya ce ba sa biyan ɓarnar daskarewar bututu in ba a bar ɗumi a gidan ba. Kuɗin ajiyata na haya ya tafi, na ɗora da biyan gyaran sili wata-wata. Na kira Ɗan Funtuwa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Amma mutumina, ka duba takardar kuɗin gas ta watan? Ai ta sauka sosai." Daga nan ya tambayi kilishin da ya ce in taho masa da shi. A filin jirgi aka karɓe, ba a shiga da nama ƙasar, shi ma ya sani. Har yau cewa yake ni na cinye a hanya.