Katangar bulo ba za ta tsare mana filin unguwa ba

Da zarar an tashi maganar gyara filin wasa a Kumasi, shawarar farko ita ce a zagaye shi da bulo, a sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Ni dai ban yarda da wannan ba, domin filin da ido ba ya ganin cikinsa daga titi, iyaye ba sa sakin 'ya'yansu su je.

Muna da misali biyu a garin nan. Rattray Park, wanda hukumar birni ta KMA ta gina aka buɗe a 2015 a wajen Nhyiaeso, yana da tsafta da tsaro, amma sai da kuɗin shiga, kuma daga zangunanmu na Aboabo ko Sawaba sai an hau mota. Uwa mai 'ya'ya biyar ba za ta je ba sai da salla. Children's Park na Amakom kuwa, wanda ya fi kusa da mu, an yi shekaru an yasar da shi, ciyawa ta rufe, mutanen kirki suka janye ƙafa, masu neman wurin ɓuya suka samu. Yaran zango ba su da wannan, ba su da wancan. Abin da ya rage musu shi ne 'yan filayen cikin unguwa, su ma ana cinye su muna kallo.

Kowa ya san yadda abin ke tafiya. Yau mai koko ta ajiye tebur a gefen fili, ba wanda zai hana ta neman na abinci. Gobe wani ya dasa kwantena kusa da ita. Makanike ya jingine matacciyar mota bayan raga, ya ce jibi zai ɗauke. Bayan damina biyu an zuba siminti ƙarƙashin kwantenar, an ja wuta, kusurwar da yara ke buga kwana ta zama shago. In ka yi magana a ce, "Malam, filin ubanka ne?" Kuma ba ka da amsa, don ba takardar da ke nuna inda iyakar take.

Saboda haka aikin farko na safiyo ne. A auna fili, a kafa ginshiƙan iyaka, a yi masa rajista a hukumar filaye ta Lands Commission da sunan jama'a. Dokar tsara amfani da ƙasa ta 2016 ta ɗora tsarin gari a wuyan majalisun ƙananan hukumomi, don haka majalisar Asokore Mampong, wadda Aboabo da Sawaba ke ƙarƙashinta, da KMA ba su da uzuri. A kai kwafin taswirar gidan Sarkin Zango, a manna wani a allon masallacin Juma'a, yadda mai niyyar sayar da gefen fili a ɓoye zai san idon jama'a na kansa.

Sannan shinge, amma na ƙarfe ko waya, wanda ake hango ciki. Inda ya fi zama dole shi ne ɓangaren titi: ƙwallo ta fita, yaro ya bi ta a guje bai duba ba, ga pragya, wato babur mai ƙafa uku, tafe. A sa fitilu, a bar ƙofa fiye da ɗaya a buɗe har bayan isha'i. Za a ce 'yan gwangwan za su yanke wayar. Za su gwada, amma mai kokon nan, in an ba ta rumfa a wajen shinge maimakon a kore ta, ta fi maigadi mai gyangyaɗi ganin mai shiga da fita.

Sai rabon lokaci, wanda shi ne ke haddasa faɗa. Masu aure da suna da addu'ar mamaci suna buƙatar wurin kafa rumfuna, gidajenmu ba sarari. A ba su ranakunsu, da sharaɗin su kwashe bolarsu su cike ramukan da suka haƙa. Filayen ciyawar roba da aka shimfiɗa a wasu zanguna bayan kafa Asusun Raya Zango a 2017 sun yi kyau, sai dai inda aka kulle su aka koma haya da awa, manyan ƙungiyoyi ne ke morewa, ƙananan yara da 'yan mata suna leƙe ta waya. A ware musu sa'o'in bayan tashi daga makarantar allo kyauta, a rubuta a ƙofa, kwamitin fili kuma a sa iyaye mata a ciki, tun da su ne suka san lokacin da yaro ya kamata ya dawo gida.