Ka sayi waya, ko haya aka ba ka?

Wai mutum ya zuba kuɗinsa ya sayi abu, a ba shi rasit, sannan a hana shi buɗewa! Halin da mai wayar zamani yake ciki ke nan. Sunan mallaka naka ne, amma iko yana hannun kamfani, kuma ba za ka gane haka ba sai ranar da batir ya gaza.

Batir kuwa dole ya gaza, domin abin da ke ƙarewa ne kamar tayar mota. Batirin litiyom na yawancin wayoyi yana sauka zuwa kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji kamar 500. Mai caji kullum zai kai wannan adadi kafin shekara biyu. In wayar tana yawan shan zafi sama da digiri 35, ko ana wasa da ita tana kan caji, abin ya fi haka sauri. Masu ƙera wayar sun fi kowa sanin wannan lissafi. To me ya sa abin da aka san shi zai fara mutuwa shi aka binne a can ƙasa, aka liƙe da gam?

Dubi aikin da mai gyara zai yi kafin ya kai ga batirin. Zai ɗumama gefen wayar zuwa wajen digiri 70 ko 80 don gam ya saki. Zai sa robar tsotso ya ɗaga gilashin kaɗan, ya zura siririn filastik yana bin gefe a hankali, domin a ƙasan gilashin akwai jijiyoyin waya masu laushi kamar takarda, ka zurfafa kaɗan ka yanke ɗaya, sikirin ya tafi. Sai notina ƙanana kamar ƙwayar yashi, kowanne da tsawonsa, in ka musanya dogo da gajere ya huda fanel, wato allon da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar wayar. Shi kansa batirin manne yake da wani gam mai kama da cingam, a ja shi a miƙe ya fita, ya tsinke kuma sai a koma ɗiga sifirit ana jira. Wanda ya gaji ya sa ƙarfe ya banƙare batirin, yana iya huda shi ya kama da wuta a kan tebur. Duk wannan don canza abin da a da ake cirewa da farce!

Kada wani ya ce ai don hana ruwa shiga ne. Samsung Galaxy S5 da ta fito a 2014 tana da marfin baya da ake ɓallewa da hannu, batirinta na fita, kuma tana da shaidar IP67 ta jure ruwa da ƙura. Ashe ana iyawa, so ne ba a yi.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne ɗaurin aure da ake yi tsakanin kayan gyara da fanel. Ana ba batir ko sikirin lambarsa, a rubuta ta a ƙwaƙwalwar wayar. A wayoyin iPhone kafin 2024, in ka sa sabo, ko da na asali ne da aka ciro daga waya irinta, sai wayar ta ce ba ta san shi ba, ta daina nuna lafiyar batir, ko ta kashe wani aiki. A 2021 da iPhone 13 ta fito, canza sikirin a wajen wakilan kamfanin yana kashe Face ID, wato buɗe waya da fuska, sai da aka yi ca sannan Apple ya janye ta hanyar sabunta manhaja. Manhaja ta ɗaure, manhaja ta kwance, wato babu abin da ya lalace tun farko. Kamfanin dai shi ne a Disamban 2017 ya amsa cewa yana rage gudun tsofaffin wayoyi masu raunin batir, wai don kada su riƙa mutuwa farat ɗaya. Ko da hujjar ta yi, me ya hana a faɗa wa masu wayar? A kan wannan ɓoyon ne Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a 2020. Mutum nawa ne suka sayi sabuwa alhali batir kawai ke neman canji?

Dabarar ma tsohuwa ce. A 1924 manyan masu ƙera ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, suka haɗa kai a Janeba suka ƙayyade rayuwar ƙwai a kan awa 1,000, har da tara ga wanda nasa ya wuce haka.

Sannan a juyo a ɗora wa mai saye laifin shara. A 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, wanda aka tabbatar an sake sarrafawa bai kai kwata ba. Ana yi mana wa'azin kare muhalli, an cire caja daga kwali, amma wayar da sabon batir zai ƙara mata shekara biyu an rufe ta ruf.

Tarayyar Turai ta ɗan motsa. Daga 20 ga Yunin 2025, wayar da za a sayar a can sai batirinta ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80, a samar da kayan gyara na shekara 7 bayan an daina sayar da samfurin, da sabunta manhaja na aƙalla shekara 5. Madalla. Sai dai an bar ƙofa a buɗe: in batirin ya kai caji 1,000 kuma wayar tana da IP67, ba dole ba ne a ƙera ta yadda mai ita zai iya canza batir da kansa. Manyan wayoyi masu tsada kuwa ta nan za su bi su wuce da gam ɗinsu.