Ga ƙannena masu cewa Allah ya kira su

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Maganar nan ta daɗe tana cina a rai, yau zan faɗe ta, wanda ta sosa wa rai ya gafarce ni.

Akwai wata koyarwa da ta shigo mana ƙauye ta cikin waya, wadda iyayenmu ba su san ta ba. Mutum zai tsaya cikin kwat, ga mota a bayansa, yana cewa ɗan Allah ba ya talauci, ba ya ciwo, in wahala ta tare a gidanka to bangaskiyarka ce ta yi sanyi, ko kuma ba ka turo kuɗin addu'a ba. Samarinmu a nan ƙasar Sumaila suna kallon wannan a rumfar cajin waya. Su dawo gida su dubi rumbun da bai kai rabi ba, su dubi tsohuwa kwance da hawan jini, sai zuciya ta fara raya musu cewa ko Allah ya manta da gidansu, ko kuwa suna zaune a inda ba nan ya nufe su da zama ba. Ba a jimawa sai ka ji yaro ya ce an kira shi, zai tafi birni ya buɗe coci.

Wannan lissafi karkatacce ne tun daga tushe, kuma Yesu da bakinsa ya rushe shi. A Yohanna sura 9 almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambaya zunubin wa ya jawo, nasa ko na iyayensa. Ya ce ba na kowa ba ne a cikinsu. A Luka 13 ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Abokan Ayuba sun yi daidai a kwana bakwai ɗin da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suna neman laifin da ya ɓoye, nan suka ɓata, har Allah ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kansu. Bulus fa? Sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi. Shi ne kuma ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas kwance da ciwo a Militas. Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya?

Mu dubi yadda bishara ta iso mana. A 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar shigowa ƙasashen nan namu: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake korarsa, sai a 1902 aka kafa tashar mishan a Patigi. Da ma'aunin masu wa'azin waya za a auna su, da an ce ba Allah ya aiko su ba. Wannan aiki ne ya zama mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), daga cikinsa kuma ɗarikar ECWA ta fito a 1954. A 1937 mishan ɗin SIM ta karɓi jinyar masu cutar kuturta a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, kuma sunayen wuraren jinya na Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa duk daga wannan tarihi muka san su. Da yawa cikin waɗanda suka fara karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakke a 1932, a wurin jinya suka koyi baƙi. Wasunsu suka koma ƙauyukansu suna koya wa mutane.

Na tashi na tarar da irinsu. Akwai wata tsohuwa a Zumuntar Matan cocinmu, kowa Iya yake ce mata. Cutar ta cinye yatsunta tun tana budurwa. In za a yi waƙa sai ta matse littafin tsakanin dungulmin hannuwanta biyu, wata jika ta buɗe mata shafi, ko da yake ta haddace duka. Ranar Lahadi ita ke fara isowa, ta ɗaura tsintsiya a wuyan hannu da tsumma ta share majami'a kafin a buga ƙararrawa. Yatsun ba su dawo ba har ta koma ga Ubangiji. Amma rabin matan da ke jagorantar zumunta a yau ita ta koya musu addu'a. In wani ya ce mini wannan baiwar Allah ba ta sami kiranta ba, ni da shi ba Littafi ɗaya muke karantawa ba.

Kada a juya mini magana. Ban ce a rungumi wahala a yi kwance ba. Kuturta tana warkewa yanzu, maganinta kuma kyauta ake bayarwa. Mai ciwo a kai shi asibiti ana addu'a a hanya, kada a ajiye shi a ɗaki ana shafa masa mai har ya galabaita. Kuma dogara ga Allah bai hana kuka ba. Ku buɗe Zabura 88, daga farko har ƙarshe kuka ne, kuma tana cikin Littafi. Yesu ya zubar da hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi. Saboda haka mu daina ce wa gwauruwa ranar jana'iza, "Ki yi shiru, mai bi ba ya kuka." Ku zauna kusa da ita, ku ɗebo mata ruwa, in damina ta sauka ku haɗa gayya a gonarta. Maƙwabtanmu Musulmi ma sukan shigo gayyar nan, Allah ya saka musu da alheri.

To, batun kira. Ƙanena, ban raina abin da kake ji a zuciyarka ba, Allah yana kiran mutane har gobe. Amos makiyayi ne aka ɗauko shi daga bayan garke. Abin da nake so ka tambayi kanka tsakaninka da Allah shi ne: da taki ya yi araha, da dawar bara ta yi kyau, za ka ji wannan kiran? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi, zaman ƙauye ya yi nauyi, na sani. Son fita daga ƙunci ba zunubi ba ne. Ka je ka nemi sana'a, mu sa maka albarka. Amma kada ka ɗora wa Ruhu Mai Tsarki abin da yunwa ce ta faɗa maka.

A Ayyukan Manzanni 13 Barnaba da Shawulu, wato Bulus, suna cikin hidima a ikilisiyar Antakiya aka keɓe su, 'yan'uwa suka yi azumi, suka ɗora musu hannu, suka sallame su. Ikilisiya ta san su, ta ga aikinsu. Mutumin da Yesu ya fitar wa aljanu a ƙasar Garasinawa kuwa roƙo ya yi a bar shi ya shiga jirgi ya bi Ubangiji, aka hana shi, aka ce ya koma gida wurin mutanensa ya faɗa musu abin da aka yi masa. Nasa kiran ke nan, komawa gida.

Ku je ku ga masu bisharar EMS, sashen mishan na ECWA, a rugage da ƙauyukan da ko rijiyar burtsatse babu. Mutum da matarsa da 'ya'yansa a ɗakin jinka, yana noma abin da zai ci, shekaru suna wucewa masu zuwa sujada ba su cika benci biyu ba, kuma bai tashi ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Mu manya ma akwai namu. Mun mai da bagadi shi kaɗai ne aikin Allah, shi ya sa duk yaro mai himma can yake hange. Yarinyar da ta karanta unguwarzoma ta dawo tana karɓar haihuwa da tocila cikin dare, wa ya taɓa kiranta gaban ikilisiya aka yi mata addu'a? Malamin firamare da ke taka keke zuwa makarantar da rufinta ya yaye fa? Matanmu suna mutuwa wurin naƙuda, yaranmu suna gama aji shida ba su iya karanta sunansu ba, mu kuma muna ta ƙara yawan masu riƙe makirufo.

Wanda ya tabbata an kira shi ga aikin fasto, hanya a buɗe take. Ya sami dattawan ikilisiya ya faɗa musu. Ajin yara na ranar Lahadi yana neman malami, tsofaffin da ba sa iya fitowa suna neman mai kai musu Magana har ɗaki. Ya riƙe waɗannan daga shuka zuwa girbi, mu gani. In ikilisiya ta shaida, ranar godiyar kaka za mu ware buhunan da za a sayar a biya masa kuɗin makarantar Baibul a Tofa, nawa buhun yana ciki.