Tsofaffin gine-ginen tsakiyar Gusau: a zuba mutane ciki kafin a kai musu katafila

Gusau ta cika ta batse. Tun da ta zama babban birnin jihar Zamfara a 1996 ma'aikata ke shigowa, jami'ar tarayya ta zo a 2013 da ɗalibanta da malamanta, sannan rashin tsaro ya kwaso mutanen ƙauyuka ya zube su a cikin gari. Wanda ya nemi ciki da falo kwanan nan ya san yadda dillalai ke ja masa rai. Amsar da muke bai wa wannan matsi iri biyu ce: a yanka filoti can bayan gari inda babu ruwa babu hanya, ko a rushe tsohon gini a tsakiyar gari a jera shaguna. Ni a ganina akwai hanya ta uku da muke tsallakewa, wato a gyara tsohon ginin a mai da shi wurin kwana. Gini ba ya daɗewa don ana yabonsa. Yana daɗewa ne idan akwai wanda ɗigar rufi za ta hana barci, da wanda kuɗin haya ke shiga aljihunsa.

A nan Mancesta ta Ingila, inda nake zaune, akwai alaƙa da Gusau wadda mutane da yawa ba su lura da ita ba. A wannan birni aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya, BCGA, a 1902, don a samar wa masaƙun yankin Lankasha na Ingila auduga daga ƙasashen da Turawa ke mulka. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929 auduga da gyaɗa aka shimfiɗa shi ya kwasa. Ke nan kantuna da sito-siton da suka taso kusa da tashar jirginmu da masaƙun unguwar Ancoats ta nan, kasuwanci ɗaya ne ya haife su. Duka biyun kuma kasuwancin ya mutu ya bar su.

Abin da aka yi da na nan shi ne abin dubawa. Murrays' Mills, masaƙar Ancoats da aka fara ginawa a ƙarshen shekarun 1790, ta yi shekaru tana ruɓewa. Tsakanin 2004 da 2006 aka yi mata aikin farko, kuma ba a sa ko ɗaki ɗaya na haya a ciki ba. Rufi aka gyara, aka ɗaure bangon da ya buɗe, aka mai da tagogi, aka hana ruwa shiga. Sai bayan fiye da shekara goma aka mai da ita gidajen kwana. Da an jira mai kuɗin da zai yi komai lokaci ɗaya, da ginin bai kai labari ba. Bayan wannan kuma akwai doka. Ingila na da rajistar gine-ginen tarihi mai mataki uku, kuma a ƙarƙashin dokar 1990, wanda ya rushe ko ya sauya ginin da ke cikin rajista ba da izini ba ya aikata laifin da zai iya kai shi kurkuku har shekara biyu. Idan mai gini ya bar shi yana lalacewa da gangan don ya samu hujjar rushewa, ƙaramar hukuma na da ikon yin gyaran gaggawa ta aiko masa da takardar biya.

Ba komai nasu ne abin koyi ba. Sabon gidan kwana ba a biyan harajin VAT a kan gina shi, amma yawancin gyaran tsohon gida ana biyan kashi 20 cikin ɗari, wato tsarin harajin da kansa yana tura mutum ga rushewa. A 2013 kuma suka sassauta doka aka riƙa mai da ofisoshi gidaje ba tare da cikakken izini ba, sai aka samu ɗakuna ƙanana ƙwarai, wasu ko taga babu, har daga baya dole ta sa aka wajabta hasken rana da mafi ƙarancin faɗi na murabba'in mita 37. Ita ma Ancoats da ta gyaru, haya ta yi tsadar da mai ƙaramin albashi ba ya iya zama. Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna idan na tuna da Gusau, don waɗanda suka fi bukatar ɗaki a wurinmu su ne marasa ƙarfi.

Tsofaffin gine-ginenmu kashi biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ginin ƙasa na cikin gari, soraye da zauruka na tubali da azara. Akwai kuma na zamanin kanti, masu kaurin bango da dogon rufin kwano da baranda. Abin da ya haɗa su shi ne mai kashe su ɗaya ne: ruwa.

Ginin ƙasa daga wuri biyu yake mutuwa, kai da gindi. A kai, indararo ne ke toshewa ko ya karye, ruwa ya kwanta a kan soro, ya bi ƙarshen azara inda ta shiga bango, gara ta biyo danshi. Kafin a taɓa komai a soka wuƙa a ƙarshen kowace azara. Idan ta shige ba wuya, wannan ta tashi aiki ko da tsakiyarta na da kyau. Azarar giginya ba ta son tazarar da ta wuce kimanin ƙafa shida ba tare da tallafi ba, shi ya sa magina na da suke yin bakan gizo idan suna son ɗaki mai faɗi. Wanda ya fasa bangon tsakiya don ya haɗe ɗaki biyu su zama falo ya cire abin da ke riƙe da rufin ne. Indararo kuma ya fito aƙalla ƙafa biyu daga bango, kuma inda ruwansa ke sauka a shimfiɗa dutse ko kankare, kada ya riƙa fantsama yana cin gindin gini.

A gindi, babbar matsalar yau ita ce titi. Duk lokacin da aka sake hanya ana ƙara mata ciko, sai ta ɗara daɓen gidajen da ke gefenta tsawo. Ka ga gidan da a da ake hawa dakali a shiga zaurensa, yanzu gangarawa ake yi. Ruwan Agusta ya bar kwata ya kwanta a gindin bango, ƙasa ta sha ta yi laushi, wata rana da asuba bango ya zauna. Aikin sabunta titunan Gusau abin so ne, amma duk injiniyan da zai ɗaga hanya a tsohuwar unguwa ya kamata ya fara auna tsayin bakin ƙofofin gidaje, ya sa bakin kwata ƙasa da su.

Sai kuma kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya: shafe bangon ƙasa da filastar siminti. Daga waje sai ka ce an gyara. Amma siminti ba ya kama ƙasa, kuma ba ya barin danshi ya fita. Ya tsage kaɗan, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa narkewa a ɓoye. Ƙwanƙwasa irin wannan filasta da ɗan yatsa, za ka ji tana amsawa kamar ganga, alamar ta rabu da bango. Bangon ƙasa yaɓen ƙasa yake so, da makuba ta ɓawon ɗorawa a kai, a sabunta bayan 'yan shekaru kafin damina. Idan dole sai an sa wani abu mai ƙarfi, a tsaya ga gindi kawai, a yi masa dakalin dutse ko jan bulo mai tsayin ƙafa biyu, a karkata samansa waje.

Gine-ginen kanti da sito su ne suka fi dacewa da zama gidajen haya. Rufinsu na da tsawo, bangonsu na da kauri, don haka a zafin Afrilu sun fi sabon ginin bulo mai inci shida sanyi nesa ba kusa ba. Tsarin aikin shi ne a fara da rufi: a duba katakon da gara ta ci, a sauya kwanon da ya huje, a bar tsayin yadda yake. Tsohon silin na asbesto kada a fasa shi da guduma ko a yanka shi da inji, ƙurarsa na jawo cutar huhu da daji. A jiƙa shi, a kwance shi ɗai-ɗai, ma'aikata su rufe hanci da baki. A zare tsohuwar wayar lantarki gaba ɗaya, kowane gida a ba shi mitarsa, don rigimar kuɗin wuta na cikin abin da ke tarwatsa gidan haya. Bangon rabo na ciki a yi shi mara nauyi, kuma kowane ɗaki ya samu taga a ɓangare biyu ko taga da mafitar iska a sama.

Inda ake halaka mutane shi ne ɗora bene a kan ginin da ba a yi shi don bene ba. Lissafin ba shi da wuya. Dakin, wato daɓen bene na kankare, mai kaurin inci shida yana da nauyin kilo 360 a kowane murabba'in mita. Ɗaki mai ƙafa 12 sau 12 kaɗai ya haura tan huɗu da rabi, kafin a sa bulon sama, da rufi, da mutane. Tankin ruwa mai lita 5,000 wani tan biyar ne. Tsohon harsashin da aka haƙa don ɗaukar kwano ba zai ɗauki wannan ba. In ana son hawa na biyu, sai injiniya ya tona gefen harsashi ya ga zurfinsa da irin ƙasar da ke ƙarƙashi, sannan a kafa sababbin pila masu nasu tushe a cikin ginin, su ɗauki dakin ɗin, tsohon bango ya tsaya yana ɗauke da kansa kawai. Kwaɓin ya zama siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. A sa tsakuwar tallafi a ƙarƙashin rodi don kankare ya lulluɓe shi da kimanin inci ɗaya, in ba haka ba tsatsa za ta kumbura ta fasa shi. A yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai. Kada a cire katakon tallafi kafin mako uku don kafinta na son kai shi wani aiki. Tanki kuma a yi masa nasa hasumiyar a ƙasa.

Fulat irin na nan Mancesta ba zai zauna daidai da iyalinmu ba, kuma ba na ganin dalilin tilasta shi. Gidan da baƙo namiji zai faɗa tsakar iyali daga buɗe ƙofa, magidanci ba zai so shi ba. A bar wa kowane gida ɗan wurin tarbar baƙi a gaba, ko zaure ɗaya na kowa a bakin ƙofa. A tanadi fili a baya na girki da gawayi da shanya. Tagar bene da ke kallon tsakar gidan maƙwabci a ɗaga ta sama da tsayin mutum, don leƙe na cikin abin da ke kai maƙwabta gaban alƙali. A lissafa ruwa tun farko: gida takwas, mutum shida-shida, lita 50 kowane, lita 2,400 ke nan kullum, kuma yawancinsa sokawe, wato ramin ruwan datti, zai koma. A nisanta sokawe da rijiya ko burtsatse da kimanin mita 30, a kuma nisanta shi da tsohon harsashi. Hawa biyu ya isa a tsakiyar gari. Fiye da haka, da wutar da muke da ita, hawa da ruwa sama kaɗai zai gajiyar da masu haya.

Duk wannan fasaha ce, ana iya koyonta. Abin da ya fi ta wuya shi ne gado. Yawancin tsofaffin gidajen Gusau na magada ne, mutum ashirin ko talatin, babu mai sa kuɗinsa a rufin da bai san rabonsa a ciki ba, sai a ce a sayar a raba. Mai saye kuma fili yake so. Amma ba dole ne rabo ya zama rushewa ba. Kotu na iya fitar wa kowa da kasonsa a rubuce, gida ya tsaya, a riƙa raba kuɗin haya bisa kason. Wanda ya matsu ya sayar, 'yan'uwansa na da haƙƙin shufa'a a fiƙihun Malikiyya, su suka fi cancantar saye kafin bare. Ana kuma iya ba mai jari gidan ya gyara ya ci haya na shekarun da aka ƙayyade ya mayar, da sharaɗi a rubuce cewa ba zai rushe fuskar ginin ba. Ga kuma waƙafi, wanda jihar ke da hukumarsa: gidan da aka yi waƙafinsa ba a sayar da shi, kuma ana iya ware wasu ɗakunan ga marayu da waɗanda aka raba da garuruwansu.

Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, mai aiki da dokar 1979, ba ta da hannun da zai kai ga kowane kanti da soro a Gusau, kuma ba kowane gini ne zai zama gidan tarihi kamar tsohuwar fadar Argungu ba, wadda aka buɗe a matsayin gidan tarihin Kanta a 1958. Aikin na jiha ne da masarauta. Hukumar tsara birane ta zauna da fadar Sarkin Katsinan Gusau da masu unguwanni da tsofaffin magina, a zagaya da ɗaliban zanen gini, a rubuta gine-ginen da suka cancanta, ko hamsin ne, kowanne da hotonsa da awonsa da sunan masu shi da halin da rufinsa ke ciki. Wanda gininsa ya shiga rajista ya gyara, a yafe masa kuɗin izinin gini da harajin fili na wasu shekaru, a gaggauta masa takardar mallaka. Wanda zai rushe, ya ba da sanarwar wata uku. A tsara zagayen cikin rani, don waɗanda aka samu rufinsu na zuba a toshe su kafin ruwan Yuni.